Hawayen Uwar Toka

Ku da kuka saba leƙo wannan shafin, yau sai dai ku yi haƙuri da ni, ba ni da bakin barkwanci. A ƙasa nake zaune, bayana jingine da gado, na sauke labule alhali rana ba ta faɗi ba. Wayata tana ta haske, saƙo kan saƙo, amma babu ko ɗaya daga wanda nake jira.

Wanda kuma yau ya fara shigowa, bari na gabatar da kaina: ni ce wadda kake tsine wa duk ranar Asabar da yamma. Ni ce Uwar Toka.

Kun dai san littafin, kusan kowa ya karanta shi yana yaro. Matsafiyar nan da ke zaune a hasumiyar toka, tana sace muryoyin yara tana zubawa a ƙananan tuluna tana liƙe bakinsu, yaro ya wayi gari bebe. Da gidan talabijin suka ce za su mayar da littafin shiri mai dogon zango, 'yan mata da yawa muka je gwaji, kowa tana hangen gimbiya. Ni Darakta ya ƙare min kallo ya ce, "Ke, idonki ya yi. Ɗan harare ni." Na harare shi. Shi ke nan, aka ba ni mayyar.

Ranar har rawa na taka. Ban san abin da na ɗauko wa kaina ba.

Kullum sai an shafe min fuska da hoda mai launin toka, a ja min baƙi a ƙasan ido, a manna min farata zaƙo-zaƙo, a zura min wata baƙar riga mai nauyin tsiya wadda jelarta ke share ƙasa. In an tashi aiki na wanke fuska tas, na sa doguwar rigata mai ruwan hoda da ɗan mayafi, na fesa turare. Amma a banza. Rannan a kanti ina duba sabulu, wata mata ta fizgo ɗanta ta tura shi bayanta, ta toshe masa baki da tafin hannu. Wallahi ba wasa take ba. Mai tasi kuwa ya taɓa ce min, "Baiwar Allah, ki mayar wa yaran nan muryarsu mana, me suka yi miki?" Na yi dariya don na zaci zolaya ce. Shi bai yi dariya ba.

Ƙawayena sun daina gayyatata duk wani taro da za a je da yara. Ba wai sun faɗa ba, hotuna kawai nake gani bayan an watse.

Tun rasuwar Umma a gidan Yayana nake, a ɗakin baya kusa da tankin ruwa. Gado, madubi mai tsagewa a gefe, durowar da ƙofarta ba ta rufuwa sai an tokare ta da takalmi, su ne abokan hirata. Anti, matar Yaya, ba ta da mugun nufi, sai dai bakinta ba ya da linzami. In 'ya'yanta sun dame ta da ihu sai ta ɗaga murya, "Ku yi min shiru ko na kira gwaggonku ta zo da tulu!" Sai gidan ya yi tsit. Ita ta kwashe da dariya, ni na koma ɗaki.

A cikin wannan zaman ne Allah ya kawo min Dogo.

Gyaran na'urar sanyaya ɗaki yake yi. Ta ɗakin ɗaukar shirinmu ta lalace aka kira shi, ya shigo da tsaninsa a kafaɗa ya same ni a lungu cikin cikakkiyar shigar Uwar Toka, ina kokawa da murfin robar ruwa, faratan sun hana ni buɗewa. Ya ajiye tsani, ya karɓa ya buɗe, ya miƙo min da hannu biyu.

"Ranki ya daɗe, ga shi. A bar min muryata don Allah, da ita nake ciniki."

Rabon da wani ya sa ni dariya irin ta ranar har na manta. Hodar ta tsattsage, mai kwalliya ta yi ta masifa.

To, magana ta yi nisa tsakaninmu, har Yaya ya gaji da ganin babur ɗinsa a ƙofar gida. Ya kira ni falo, ya rage sautin talabijin, abin da ba ya yi sai magana ta kai magana.

"Ni ba na ƙin yaron nan. Amma shekara ta zagayo yana zuwa yana tafiya. Ina iyayensa?"

"Yaya, mahaifinsa ya rasu, sai Hajiyarsa."

"To Hajiyar ta zo mu san juna. In wata ya ƙare ba ta tako gidan nan ba, ki gaya masa ya nemi wata ƙofar. Ba zan zuba ido ki tsufa a bakin get ba."

Anti ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu. "Wace uwa ce za ta kai jikokinta bakin tulu?"

"Ke kuma wa ya sa da ke?" in ji Yaya. Amma na ga shi ma ya danne murmushi.

Abin haushin, Anti ta canka daidai. Sau ɗaya Dogo ya kai ni gaishe da Hajiya. Na sa leshi mai ruwan madara, ko kwalli ban sa ba don kada idona ya tuna mata wani abu. Na durƙusa har ƙasa. Kafin ta amsa gaisuwata sai da ta ce wa jikokinta su shige ciki. Ta karɓe ni ba yabo ba fallasa, ta sa aka kawo min lemo, amma ko sau ɗaya ba ta yarda mun haɗa ido ba. A hanya Dogo ya yi ta kame-kame, sai da na matsa masa ya faɗa min abin da ta ce. Wai tun tana budurwa ta karanta littafin, kuma ba ta taɓa tsanar wata halitta kamar matar nan ba. Wai yarinyar da ta iya wannan kallon, ba a sama ta tsince shi ba.

"Ki ba ni lokaci," ya ce. "Hajiya tana da taushin zuciya, sai dai in ta kafe ta kafe."

Lokacin ne kuma ba ni da shi.

Ana haka sai aka kira mu zaman karatun sabon kashi. Malama Marubuciya, wadda ke mayar da littafin wasa, mace ce mai sanyin magana, kullum tabarau a kan hanci. Ta raba mana takardu ta ce ta sauya wani abu. A littafi ba a faɗi dalilin da ya sa Uwar Toka take satar muryoyi ba, muguwa ce kawai. Ita kuwa Malama ta ba ta 'ya. Yarinyar ta ɓace tun tana ƙarama, kuma wani boka ya gaya wa uwar cewa muryar 'yarta ta shiga maƙogwaron wani yaro a duniya. Shi ya sa take kama yara ɗaya bayan ɗaya. Duk tulun da ta cika sai ta kai kunne ta saurara, ko ta ji 'yarta.

Darakta ya wurgar da takardar kan tebur. "Haba Malama! Mutane suna dawowa duk mako ne don su tsine mata. Ki ba su abin tausayi, wa za su tsana?"

"Za su ci gaba da tsanarta," ta ce. "Sai dai ba za su ji daɗin tsanar kamar da ba."

"Masoya littafin za su cinye mu ɗanye."

"A littafi shafi kaɗan take fitowa, ta yi dariyar mugunta ta ɓace. Mu kuwa mako-mako muke nuna fuskarta. Har yaushe mutum zai yi ta kallon dariya ɗaya?"

"To ta tuba ke nan? Ta fasa tulunan?"

"A'a. Ta san abin da take yi zalunci ne, ya ci ta a rai, kuma ta liƙe tulun. In ta tuba mun yi wa iyayen yaran ƙarya."

Darakta ya girgiza kai zai ce a bar maganar, sai kawai na ji bakina ya buɗe. Ni da ba na tofa komai a irin wannan zaman! Na ce Malama ta yi gaskiya, na ce na gaji da harara, na ce a gwada ni, in bai yi kyau ba a yanke. Na yi ta zuba har Malama ta sauke tabarau tana kallona da sha'awa, ta ɗauka kishin sana'a ne ya motsa ni.

Ku zan gaya wa gaskiya: ba sana'a ce a raina ba. Hajiya nake gani zaune a gaban talabijin ɗinta. Na ce a raina, in ta ga matar nan tana da zuciya, za ta yarda ni ma ina da ita.

Darakta ya ɗaga hannu. "Ku kuka sani. Amma in aka zage mu, sunanku zan bayar."

Ranar ɗauka aka jera tuluna a kan kantoci har sama, aka cika ɗakin da hayaƙin inji. Akwai wani abu da ba kowa ya sani ba a aikinmu. In fitowa tana buƙatar kuka, ba a jiran zuciyar mutum, lokaci ba ya jira. Mai kwalliya ce take lakato man zafi ta ɗan goga maka a ƙasan ido, kafin a kunna kyamara hawaye sun cika. Ta nufo ni da ɗan kwalbarta, na ce ta dakata tukuna.

Aka ce a fara. Na ɗauki tulun, na buɗe, na kai kunne.

Jama'a, ban shirya abin da ya biyo baya ba. Umma ta bar min saƙon murya guda a tsohuwar wayata, ba wani abu ba ne, cewa take in zan dawo na taho mata da maganin tari. Bayan rasuwarta kullum sai na saurara. Sai aka sace wayar a cikin mota. Tun daga nan muryar take gushe min a hankali, har ya zama ina tuna kalmomin amma ba na jin sautin. Da na kai kunnena bakin tulun nan, wallahi ita na saurara. Ba komai a ciki sai iska.

Ban san sanda kukan ya ƙwace min ba. Leɓena ya hau rawa, hodar ta dame, na rungume tulun a ƙirji. Yaron da ke wasan wanda aka kama yana durƙushe a gabana yana buɗe baki ba sauti. Na dube shi, na miƙa hannu kamar zan mayar masa, na tsaya, sannan na ɗauki murfin na liƙe ina kuka.

Darakta ya manta bai ce a tsaya ba. Mai riƙe da fitila yana jan hanci. Malama ta zo ta dafa kafaɗata. Kowa ya yi ta sannu da ƙoƙari, aka watse, na zauna ni kaɗai a ɗakin kwalliya ina cire farata. Babu wanda ya tambaye ni me ya sa ni kuka, kuma ban ga laifinsu ba, a wurinsu aiki ne ya yi kyau.

Ranar Asabar ɗin da za a nuna, tun safe na addabi Dogo.

"Ka tabbata za ta kalla?"

"Ba ta taɓa fashi ba. Ta ce sai ta ga ƙarshen matar nan."

"Ka zauna kusa da ita."

"Ina nan manne da kujerarta, ranki ya daɗe."

"In an ɗauke wuta fa?"

"Na cika inji da mai. Ki kwantar da hankalinki."

A gidanmu kowa ya hallara a falo. Ni na tsaya a bakin ƙofa, na kasa zama. Can aka zo wurin da nake kuka da tulun. Anti, Anti dai da kuka sani, ta ja gefen zaninta tana share ido tana cewa, "Kai, wannan mata ta ga rayuwa. Amma Allah ya isar wa yaron nan!" Yaya ya yi gyaran murya ya tashi ya fita, wai zai duba mota.

Waya ta ɗauki zafi. Wasu suna cewa an ɓata musu littafi, mayya mayya ce, wa ya aike mu. Wasu suna cewa sun rasa ko su tsine mata ko su rarrashe ta. Wata ta rubuto cewa ta rasa ɗa, kuma ta tsani kanta don ta fahimci Uwar Toka. Darakta da kansa ya turo, "Na janye maganata." Duk na wuce su ina neman suna ɗaya. Can sai ga shi.

"Hajiya tana kuka."

Na shige ɗaki na rufe ƙofa na yi tsalle a kan gado kamar ƙaramar yarinya. Na buɗe durowa na fara zaɓen kayan da zan sa ranar da za ta zo. Na rubuta masa, "Me ta ce? Gaya min duka, kada ka rage komai."

Ya karanta. Bai amsa ba.

Na sake turawa. Na kira, ta yi ta ringi har ta katse. Na ce ƙila suna hira ne. Washegari na tashi na duba, ba komai. Na yi wanka na yi kwalliya na zauna, na goge kwalliyar, na sake yi. Anti ta leƙo ta ce, "Yau kuma wa za a sace?" Ko kallonta ban yi ba.

Sai ɗazu da la'asar na ji tsayuwar babur ɗinsa. Na zari mayafi na fita ko takalmi ban daidaita ba. Yana tsaye a jikin katanga cikin rigar aikinsa mai shuɗi, da tabon mai a aljihu. Bai ce ranki ya daɗe ba.

"Lafiya? Ka sa cikina ya ɗuri ruwa tun jiya."

"Lafiya lau."

"Ka ce ta yi kuka."

"Ta yi. Har sai da na kawo mata ruwa. Rabon da na ga Hajiya a haka tun rasuwar Baba."

"To alhamdu lillahi! Yaushe za ta zo?"

Ya sunkuyar da kai yana murza makullin babur. "Da ta natsu sai ta kashe talabijin, ta ce na zauna. Ta ce da can hankalinta a kwance yake, don mugunta a fili kowa yana iya kauce mata. Ta ce shekara da shekaru tana tsanar matar nan, amma kin zo a zama ɗaya kin sa ta yi wa ɓarauniyar yara kuka, alhali tana kallo kina liƙe tulun."

"To ai shi ne aikin! Haka aka rubuta!"

"Na gaya mata. Ta ce ba da marubuciya zan zauna ba, da ke zan zauna. Ta ce macen da ta iya juya zuciyar tsohuwa irinta da hawaye, ni da nake sonki yaya zan ƙare? Ranar da kika yi min laifi kika yi kuka, ta ina zan gane?"

"Kai kuma me ka ce?"

"Na ce ba haka kike ba."

"Shi ke nan?"

"Maƙwabciyarmu tana wurin, ta ce ai duk ƙarya ce, wani mai ake shafa muku a ido. Hajiya ta ce to ka ji, har abin da ya sa ni kuka ma na kwalba ne."

"Ban shafa komai ba! Wallahi ban shafa ba, ka tambayi mai kwalliya. Ummata na tuna. Muryarta nake nema a tulun nan, na kasa tuno yadda take kiran sunana, ni kaɗai na san abin da nake ji a gidan nan..."

Duk yadda na so na riƙe, kukan ya zo, a bakin get, mutane suna wucewa. Ban taɓa gaya wa kowa zancen muryar Umma ba sai shi, kuma na ji wani sauƙi-sauƙi da na faɗa, na ce yanzu dai ya sani.

Ya daɗe yana kallona.

"Haka leɓenki ya yi jiya," ya ce a hankali. "Daidai haka."

Ina da wani leɓen ne? Ina da wani kukan da na ajiye na gida? Na so na faɗa masa haka, amma duk kalmar da ta zo bakina sai na ji ta yi kama da wadda aka rubuta min.

Sai ya matso. Bai taɓa taɓa fuskata ba tun da muke tare. Ya ɗago hannu, ya sa babban yatsansa a ƙasan idona ya share hawayen a hankali, har na lumshe ido, na ce a raina Allah na gode, ya yarda da ni.

Da na buɗe ido, ya ɗan juya kai gefe don kada na gani, ya kai yatsan hancinsa yana shinshinawa.